Sufyanu Mai Takardar Kainuwa

Ranar da Zakiyya ta fara ganin Sufyanu, ruwa ake tsugawa a Yelwa tun hantsi. Kwata ta cika ta hau hanya, tana jan baƙaƙen ledoji zuwa bakin kogi. Zakiyya na zaune a shagon mahaifinta, Malam Dauda mai kayan masarufi, ta yi tagumi, sai ga wani saurayi ya faɗo rumfar rungume da kwali. Rigarsa ya tuɓe ya lulluɓe kwalin, shi kuwa ya jiƙe sharkaf, daga shi sai singileti.

"Salamu alaikum. Ƙanwata, mai shagon shina nan?"

"Ya fita. Mi kaka saidawa da ya fi jikinka daraja haka?"

Ya yi murmushin yaƙe, ya buɗe kwalin. Jakunkunan takarda ne masu ruwan ƙasa, da takardar goge hannu, da ta ƙunsa ƙosai da tsire.

"Da kainuwa muka yin su, da karan shinkafa, can Warra. In an yar, ruɓewa suke yi su koma ƙasa. Ko saniya ta ci ba ta mutuwa. Ina bin shaguna ne ko za a samu mai aje su kusa da leda, mutane su gwada."

"An samu?"

"Ko mutum guda. Wani ma dariya ya yi mini."

Ta shafa takardar. Tana da ɗan kaushi, da wani ƙamshi irin na ciyawar da ta sha rana. Ta ɗaga kai ta ga yadda haɓarsa ke rawa don sanyi. Ba ta jira mahaifinta ba, ta matsar da sabulai gefe ta jera kayansa a kan kantar shagon.

Daga nan ya zama duk ranar kasuwa sai ya zo. Ita ce ta lallashi mai ƙosan bakin tasha ta gwada, ta kuma bi 'yan layinsu shago-shago. Wasu suka ce leda ta fi araha kuma ba ta tsoron ruwa. Wasu kaɗan suka karɓa don kunyarta.

Wata rana da la'asar ta tambaye shi abin da ya sa ya nace wa sana'ar da ba ta son shi.

Sai ya ce:

"Yayana Zaidu direban jirgin ruwa ne. Hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa, ya ja inji don su kai gaɓa, sai injin ya mutu. Jirgin ya kife, Zaidu bai fito ba. Da aka jawo jirgin daga baya, buhu da leda aka tarar sun naɗe farfela. Ni na warware su da hannuna." Ya dubi hannun nasa. "Matan da suka rasa mazajensu a ranar, su ne muke aikin nan tare."

Su Zakiyya ma ruwa ya taɓa cinye musu mutum. Yayarta Fauziyya, wadda aka kai aure wani ƙauyen bakin tafki, jirgi ya kife da ita a hanyar cin kasuwa, da cikinta. Tun daga ranar Malam Dauda bai ƙara cin kifi ba, mahaifiyarsu Inna kuma ba ta ƙara barin a ambaci sunan a gabanta ba.

Ta gaya masa. Suka zauna tare, babu wanda ya lallashi wani. A wannan zaman ne so ya kama su.

Washegari da safe saƙonsa ya shigo:

"Uwar ɗakina, ina kwana. Tun da Zaidu ya tafi ban yi barci mai nauyi ba sai jiya. Ban san abin da kika yi mini ba, amma don Allah kada ki daina."

Ta karanta har ta haddace, sannan ta mayar masa:

"Mai Kainuwa, ni ban yi komai ba. Ka dai ci abinci kafin ka shiga kwalekwale. Kuma ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ko don ni."

Da Sufyanu ya turo kawunsa neman izini, Malam Dauda ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi da mutunci, amma bai ba shi komai ba. Bayan azahar ya kira Zakiyya gaban Inna.

"Ba ni da abin zargi ga yaron ga. Shina da ladabi. Amma kullum shina cikin ruwa wajen kwasar kainuwa. Na ba ruwa ɗiya guda, Zakiyya. Ba ni ƙara mishi."

"Baba..."

"Ko gawarta ban gani ba. Kin mance?"

Inna ta juya fuska ga bango. Zakiyya ta san ba ƙiyayya ce ke magana ba.

A cikin wannan halin Zulkiflu ya sami ƙofa. Shi ne dillalin da ke kawo musu leda da tishu a mota daga Kontagora, kuma ya daɗe yana zagaya ta. Ranar da ya sauke kaya ya jingina da kanta, ya nuna mata hoto a wayarsa: Sufyanu zaune a tabarma da jaririya a cinya, wata mace doguwa na miƙa masa kwanon abinci.

"Barira ke nan, matar marigayi yayansa. Gida guda suke. Kowa a Warra ya san dangi sun gama magana, shi za ya riƙe ta da 'ya'yan. Ke talla kawai kike yi mishi."

Nan take ta rubuta wa Sufyanu:

"Sufyanu, wace ce Barira a wurinka? Ka faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ciwo."

Shiru. Ta kira, wayar a kashe. Ba ta san ya tafi can cikin tsibirai ba, inda kainuwa ta taru kuma babu sabis. Da kwanaki suka wuce ba amsa, sai ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ta toshe lambarsa, ta kwashe takardunsa daga kanta ta tura ƙarƙashin tebur. 'Yan layin da suka ga ta janye, su ma suka janye.

Ta rame. Ta daina zuwa shago. Zulkiflu ya yi ta aiko da turare da atamfa, tana mayarwa. Sufyanu ya zo ƙofar gida har ya gaji, ba ta fito ba.

Wata safiyar Juma'a aka yi sallama a tsakar gidan. Mace ce doguwa da goyo, hijabinta ya koɗe, tafin hannunta duk ya tsattsage. Zakiyya ta gane ta nan take.

"Sunana Barira. Wurin Baba na zo, amma ke ma ki tsaya ki ji."

Ta durƙusa gaban Malam Dauda.

"Gaskiya ne dangi sun yi maganar in auri Sufyanu. Ni na ƙi, shi ma ya ƙi, tun kafin ya san ɗiyarku. Ƙanena ne. Ni na yi mishi wankin makaranta." Ta dubi Zakiyya. "Tun da kika rufe mishi waya bai iya komai ba. Kayan da muka yi suna jibge, damina ta fara cin su. Mu da ke dakan kainuwar nan ba mu da wani abin yi bayan shi."

Malam Dauda ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri, ɗiyata. Amma ba wannan ne dalilina ba."

"Na san dalilinka, Baba. Ni ce abin da kake tsoron ta zama." Ta gyara goyonta. "Kullum da la'asar sai na kalli bakin ruwa, har yau, kamar zai fito. Amma wallahi da za a mayar da ni baya a ce ga Zaidu, ga kuma abin da zai faru, shi zan sake ɗauka. Wanda na fi tausayi shi ne wanda aka hana tun farko."

Sai Inna, wadda ta shekara da shekaru ba ta furta sunan ba, ta ce a hankali, "Fauziyya ma haka za ta ce, Malam. Tana son mijinta."

Malam Dauda ya tashi ya shige ɗaki. Suna jin kukansa ta bayan labule.

Da yamma Zakiyya ta buɗe lambar. Saƙonni suka yi ta shigowa, ta tsaya kan na ƙarshe:

"Hasken idona, ban yi fushi ba. Ko ba ki aure ni ba, kada ki tafi da zaton na yaudare ki. Wannan kaɗai nake roƙo."

Ta rubuta, hawaye na ɗiga kan gilashin:

"Ka yafe mini, Mai Kainuwa. Baba ya ce ka turo kawu."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura auren a masallacin unguwarsu. Ba a yi wani babban shagali ba. Matan Warra suka zo mota guda, suka yi guɗa suka yi kuka, wani lokacin ba ka bambance wanne ne wanne. Har lokacin shagunan da ke karɓar takardar ba su da yawa, leda kuma tana nan tana bin kwata. Amma Malam Dauda da kansa ya shiga gaba ya kai surukinsa wurin shugaban 'yan kasuwa, aka ba shi dama ya yi magana a taronsu, wasu suka ce a kawo su gwada.

Da za a tafi da amarya, tsohon ya kama hannun Zakiyya ya ɗora a na Sufyanu. Ya daɗe riƙe da su.

"Ba ni hana ka shiga ruwa, don can abincinka yake. Abu guda nika roƙo. Duk ran da ka fito, kafin ka kira ta, ka kira ni."

"Na yi alkawari, Baba."

"To. Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku zuri'a ɗayyiba, shi tsare ku a tudu da ruwa, shi sa ku ne za ku rufe ni."

Tsakar gidan ta amsa da amin. Inna ta gyara wa ɗiyarta mayafi, ta raka ta har bakin mota.