Tukwane Sha Biyu, Masu Kaya Uku

Ranar Talata da hantsi, Sufeto Luan Deda yana kan kofinsa na biyu aka sanar da shi an yi sata a masana'antar takalma ta Petrit Marku. Ya hau kekensa ya tafi, don a garinmu Shkodra ko sufeto bai fi ƙarfin keke ba.

Petrit ya tare shi a ƙofa yana share zufa.

"Tukwanen kashe gobara goma sha biyu, takunkumin hanci sittin, da fanka biyu masu zuƙe warin gam. An kwashe tas, yallaɓai. Kuma jibi baƙi za su zo."

"Waɗanne baƙi?"

Petrit ya yi bayani a gurguje. Takalmansa Italiya suke shiga ba harajin kwastan, bisa yarjejeniyar ciniki, da sharaɗin ana kare lafiyar ma'aikata. Wani ya kai ƙorafi, shi ne aka turo masu dubawa ranar Alhamis. In suka tarar babu kayan nan, kwangila ta tafi, mata ɗari da arba'in sun koma gida.

"A ina tukwanen suke rataye?"

Petrit ya nuna bango. Luan ya shafa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko ƙusa ɗaya babu, balle ramin ƙusa.

"Fenti muka yi," in ji Petrit.

Luan ya dubi fentin. Fentin nan ya girmi 'yar Luan ta fari.

Da ya koma ofis, ya tarar da wani dattijo a kan benci, Zef Kola, shi ma mai masana'antar takalma. Ya zo kai rahoton sata. Tukwane goma sha biyu, takunkumi sittin, fanka biyu.

Luan ya ɗora takardar Zef kusa da ta Petrit. Lambobin tukwanen iri ɗaya ne, daga na farko har na ƙarshe. Kafin ya buɗe baki, waya ta yi ƙara: mai masana'anta na uku, shi ma an sace masa tukwane goma sha biyu.

Kan Luan ya ɗaure. Shekara ashirin yana aiki, ya ga ɓarayi uku a kan kaya ɗaya, amma bai taɓa ganin masu kaya uku a kan sata ɗaya ba.

"Baba Zef, kayan nan na wa ne?"

"Nawa ne."

"Petrit ya ce nasa ne."

"To, nasa ne ma."

"Kada ka juya min kai, ina da hawan jini."

Zef ya tsufa, ƙarya tana gajiyar da shi. Ya gyara hula ya ce, "Ɗana, na mu ukun ne. Kamar kujerun biki. Baƙi su fara da Petrit da safe, mu ja su cin kifi bakin tafki, kafin su gama Ndue direba ya kai kayan wajena. Da la'asar a kai wa na ukun. Shekara shida haka muke, ba wanda ya mutu."

"A ranakun da babu baƙi fa?"

"Suna cikin mota, a kulle. Kada su lalace."

Ndue direba yana teburin wasan domino da Luan ya same shi. Ya rantse da kabarin mahaifiyarsa cewa makullin motar bai taɓa barin aljihunsa ba.

"Ba a fasa kwaɗon ba, Ndue. Ko dai kai ka buɗe, ko aljihunka yana da ƙofar baya."

Ndue ya yi ta jujjuya ɗan domino a hannu. Daga bisani ya amsa cewa jiya Litinin da azahar ya rataye makullin a ɗakin mai gadi ya fito wasa. Awa biyu kawai. Ko uku.

A harabar Petrit, bayan motar, Luan ya ga sawun baro irin wanda ake tura akwatunan takalma da shi. Na cikin gida ne ke nan. Amma wane na cikin gida zai saci abin da aikinsa ya rataya a kai?

Laraba da safe aka kira shi a waya. Muryar mace ce.

"Ka je tsohon sito na taba, bakin kogin Kir. Kayan suna can." Ta yi tari mai tsawo, busasshe, ta kashe.

Suna can kuwa. An jera tukwanen bibbiyu, an lulluɓe fankokin da leda kada ƙura ta taɓa su. Luan ya ƙirga takunkumi sau biyu, hamsin da tara. Ya zauna a kan akwati ya dafe kai. Ɓarawon da bai sayar ba, ya lulluɓe kaya, sannan ya kira 'yan sanda da kansa. Ya sa aka kwashe komai zuwa ofis, ya nufi masana'antar Petrit neman mace mai tari.

Wannan dabarar ba ta kai ko'ina ba. Yana tura ƙofar ɗakin gam wari ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Mata ashirin da biyu ne a ciki, kuma kafin ya kai ƙarshen layi ya ji tarin nan daga baki goma sha bakwai.

Cikin marasa tarin, mutum ɗaya ce ta ja hankalinsa. Wata matashiya mai tsohon ciki a can kusurwa, da takunkumi a fuskarta.

"Sunanki?"

"Teuta."

"Ina kika samu wannan?"

"Tsinta na yi."

"A ina?"

"A hanya."

"Wace hanya?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shafa gam da burushi. Luan bai ji daɗin kansa ba ko kaɗan, amma aiki aiki ne. Ya ce ta tashi su je ofis.

"Rabu da yarinyar nan, Luan ɗan Marta. Ni na ba ta."

Valbona ce, shugabar ɗakin, mai shekara hamsin da wani abu, maƙwabciyar mahaifiyarsa tun yana da gajeren wando. Jiya da ya tambaye ta, cewa ta yi ba ta ma san kalar motar ba.

"Inna Valbona, ke?"

"Ni. Sawu huɗu na yi da baro, bayana har yanzu bai yafe min ba. Ni ce kuma na rubuta ƙorafin da ya kawo baƙin."

"To me ya sa kika kira ni? Da kin yi shiru, da har yanzu ina yawo."

"Da na yi shiru, da Petrit ya ari wasu daga garin Lezha, tunda kowa ya san nasa sun ɓace. Yanzu kuwa akwai takardar 'yan sanda mai lambobi, da sunan mutum uku a kai. Ya je ya yi wa baƙi bayaninta." Ta yi tari ta goge baki. "Kuma na san halinku. Da aka sace keken mijina kuka gano shi, wata takwas ya yi a wajenku a matsayin shaida."

Petrit ya faɗo ɗakin yana haki. "An gano? Madalla. A kawo min su yau, yallaɓai, Ndue yana jira."

Luan ya dube shi, ya dubi matan. Gaskiya bai san wanda yake taimaka wa ba, ko wanda yake cutarwa.

"Kayan shaida ne," ya ce. "Mutum uku suka ce nasu ne. Sai kotu ta raba."

"Sufeto, gobe fa!"

"Na sani."

Bai sa wa Valbona ankwa ba. Ta cire rigar aiki ta ninke, ta bi shi. Kekunan ɗinki sun tsaya ɗaya bayan ɗaya yayin da suke ratsa babban zaure. Babu wadda ta tafa, babu wadda ta zage ta. Sai a bakin ƙofa wata mai 'ya'ya huɗu, wadda suka shekara goma sha tara a benci ɗaya, ta riƙe mata hannu.

"Valbona, in suka rufe mu, me zan dafa?"

Valbona ta dafa hannunta.

"Ban sani ba, 'yar uwa. Wallahi ban sani ba."

Motar ofis da ta kwashe kayan tana jira a waje. Ta shiga baya ta zauna, ta ɗora hannuwanta masu tabon gam a cinya. Da suka kai gada ta taɓa kafaɗarsa.

"Ɗan Marta, sauke min gilashin nan. Rabona da in shaƙi iska a irin wannan lokaci tun kana makaranta."