Kai Ɗaya Ake Ɗaurewa

Sai da aka kashe injinan masaƙar bayan magariba sannan Injiniya ya sauka ɗakin ƙasa. Kwana uku ke nan wayar injin awo tana kai wa kwamfuta haruffa marasa kan gado, manaja kuwa ya rantse gobe zai sallame shi.

Yana tsugune yana feɗe wayar, sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga wani dattijo tsaye a bayansa.

"Ɗana, ragar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar nan, kai nawa ka ɗaure da ƙasa?"

"Duka biyun, Baba."

"Haba! Ai kai ɗaya ake ɗaurewa. In ka ɗaure biyu, abin da ke yawo a ƙasa ya samu hanyar shiga da fita ke nan."

Muryar tana kaɗawa kamar kukan taransifoma. Injiniya ya datse kai ɗaya na ragar. Haruffan kwamfutar suka tsaya cak, sai layi guda ya fito: "Na gode. Yanzu ba mai mayar da ni cikin ƙasa."

Ya haska ƙasa da tocila. Ƙafafun dattijon suna cikin siminti har idon sawu, suna fitowa a hankali.