Yadda Aka Ƙwace Mini Sarautar Noma a Tsamiyar Kabo

A zamanin Dagaci Datti, a bazarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanu ya bar rumbuna wayam, aka yi mini zaluncin da ban ji an taɓa yi wa wani mahaluƙi irinsa ba tun da aka kafa Gaya. An ci garuruwa da yaƙi, an tuɓe sarakuna an kore su, duk na ji labarinsu, ina kuma tausaya musu. Amma su ko ba komai maroƙa na ambatonsu da girma. Ni Maiwada ɗan Tukur, mai gemun da ya fi na kowa tsari a ƙasar nan, ko a taron suna sai an gama rabon goro ake tunawa da ni.

Garinmu, Tsamiyar Kabo, yana gabas da Gaya kan hanyar Ajingi. Al'adarmu tun kakanni, ba mai zuba ƙwaya a ƙasa sai Sarkin Noma ya yi saran farko da sungumi a gandun Dagaci, an buga ganga. To, Sarkin Noma ya rasu da rani, bai bar magaji ba. Mu biyu muka nemi rawanin, ni da taubashina Inuwa, mutumin da in ka gaishe shi da hantsi sai azahar zai gama amsawa. Dagaci ya ce ba zai naɗa kowa ba sai an ga kaka. Ni kuwa na gane cewa duk wanda ya yi saran farko, rawani ya riga ya hau kansa.

Shekarar ba irin sauran ba ce. Yunwa ta sa an daka iri an ci. Abin da ya rage a kowane gida ɗan gero ne a tulu, an liƙe bakinsa da laka. Shuka ɗaya gare mu, in ta mutu babu ta biyu. An yi sharar gona, an ƙone kara, jakuna sun kai taki a mangala, kowa ya zauna yana kallon gabas.

Wata Laraba da la'asar hadari ya haɗo daga wajen Gafasa ya zubar da ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Washegari fada ta cika. Inuwa ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, na tona a gonata. Laima ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashi ƙura ce. Gero zai tsiro, amma saiwarsa ba za ta sami abin sha ba. A jira ruwa na biyu."

Na gyara zaman rigata na ce, "Allah ya ja zamanin Dagaci, bawan nan nawa tun muna yara sai an cinye tuwo yake neman ruwan wanke hannu. In muka bi shi, ranar da mutanen Ajingi ke girbi mu muke neman sungumi."

"Bawa ai kai ne," in ji Inuwa. "Surutunka na sha shi tun ina goye. Amma irin mutane ba abin wasa ba ne, Maiwada."

Dagaci ya ce sai ya gani da idonsa. Na yi masa jagora zuwa gandunsa. Gandun da faɗi, kuma ba ya kamata a tsayar da babban mutum a rana, saboda haka na kai shi ƙarƙashin gawo, a ɗan kwarin da ruwan hanya duk yake gangarowa ya kwanta. Na naɗe hannun riga na tona. Hannuna ya nutse cikin danshi har gwiwar hannu. Dagaci ya damƙi ƙasar, ta dunƙule. Inuwa ya ce a hau tudu a sake tonawa, na ce ashe yanzu ana musu da hannun Dagaci. Dagaci ya karkaɗe tafinsa ya ce, "Bismillah, Maiwada."

Na ɗaga sungumi na sara, ganga ta amsa. Ranar da a ce kun ga gari! Magidanta a jere kamar runduna, kowane taku sara, na baya suna zuba ƙwayoyi suna rufewa da diddige. Unguwar su Inuwa kaɗai ta yi tawaye, ba su fasa bakin tulunansu ba. Na ce a ƙyale su, mai nasara ba ya bin 'yan tsirarun da suka gudu.

Gero ya tsiro tsaf, kore shar, kamar an jera allurai. A masallaci aka fara ce mini Sarki, ina cewa a daina, ba da ƙarfi ba.

Daga nan sama ta kulle. Rana ta yi wa gonakinmu ƙawanya, ba shiga ba fita. Da hantsi ganye ya naɗe, da yamma ya buɗe, sai in ce wa mutane hutawa yake. Sannu a hankali ya daina buɗewa. Hadari yakan haɗo baƙi ƙirin, mu fito da ƙwarya da tulu, iska ta taso ta kwashe shi zuwa wani gari. Aka fita roƙon ruwa da riguna a juye, tsofaffi na kuka. Kullum da sassafe nakan zagaya ta bayan gari in je gonata in tona, in ji ƙasa da ɗumi kamar toka. Masu ce mini Sarki suka koma amsa sallamata da ka.

Matata Hindatu ta ajiye mini tulun irin a gabana, ta ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara.

"Malam, abin da ka juye a ƙasa shi ne tuwon 'ya'yanka na baɗi. Me zan zuba a tukunya? Rawani?"

"Hindatu, al'amarin sarauta ba a tattauna shi a madafa."

"To a tattauna shi a rumbu, ai akwai fili."

Shuka ta kwanta, ta bushe, iska ta kwashe. Bayan an gama, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, a kan gonakin da ba komai cikinsu. Ban taɓa jin ruwan da ya tsorata mutane irin wannan ba. Unguwar su Inuwa suka fita shuka, sauran gari na tsaye a bakin gona ana kallo.

Dagaci ya kira fada. Bai dube ni ba, wanda na ɗauka kunya ce. Ya ce, "Inuwa, gari na hannunka."

"Ranka ya daɗe, na sa an cika kowane rami da iri fiye da ƙa'ida. In ya isa cira, kada a yar da ko kara ɗaya. Kowa ya zo ya ɗauka ya dasa."

Haka aka yi. Da gero ya kai taƙi, aka jira ranar da aka kwana da ruwa, aka bi gindi gindi ana cire rarar, ana datse kan ganyen, ana kai wa gonakin da suka mutu ana dasawa. Ni ma na ɗauki dami a ka, taɓo na zubo mini a gemu, Inuwa na bayana yana cewa, "Bawa, a hankali da kayan ubangidanka." Dashe ya yi laushi kwana da kwanaki, hankalin kowa a tashe, sannan ya miƙe. Aka yi noman firi, aka yi maimai, aka cusa wake a tsakani. Da kaka rumbuna ba su cika ba, amma ba wanda ya bar gari, kuma kowane gida ya sake liƙe tulunsa.

Bayan girbi aka naɗa Inuwa. Rawanin ya yi masa yawa, kowa ya gani.

Mulki na Allah ne, yana ɗora shi a kan wanda ya so, ko da kan bai dace da rawani ba. Sarakuna sun yi shiri da dawakai da ganuwa, ƙaddara ta shigo ta inda ba a tsaro. Ni nawa shirin tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa ce ta rushe shi. Masu ba da tarihi suna cewa Inuwa ya ceci gari da dashe, ban kuma musa ba. Amma a tambaye su mini: da ban share masa gonakin gari tas ba, a ina zai dasa?