Mai Sauraron Hazim

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku a gidan Ustaz Fikri, a hawan ƙarshe na wani tsohon bene a Tanta, a ƙasar Masar. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan gidaje, masu tantabaru suna ta fito a saman rufi suna kiran tsuntsayensu. Matarsa Ummu Hazim tana kicin tana soya kifi. Shi yana baranda da kofin shayi, yana jiran kiran magariba. 'Yarsu Nirmin kuwa tana ɗan ɗakin da ke saman rufi, gaban kwamfuta, inda take yini tun da ta gaji aikin yayanta Hazim.

Hazim ya rasu bara waccan, a hatsarin mota a hanyar Alƙahira. Shi kaɗai ya gina wa wani ƙaramin kamfani shafin intanet, inda marasa lafiya ke shiga su kama layin ganin likita. Shekaru ya yi a wannan ɗakin yana rubuta kod ɗin shafin, wato dogon rubutun umarnin da ke sa maɓalli ya amsa, kalanda ta buɗe, suna ya shiga inda ya dace. Yana ɗora sabo kan tsoho, bai taɓa yi wa kowa bayani ba. Bayan rasuwarsa duk wanda aka kawo sai ya duba ya girgiza kai. A gyara maɓalli, kalanda ta rikice. A gyara kalanda, sunayen likitoci su ɓace. Daga ƙarshe mai kamfanin, Injiniya Tamir, ya tako har gida ya roƙi Nirmin, domin Hazim ne ya koya mata aikin, ita kaɗai ke gane hannunsa. Aikinta shi ne ta warware tsohon kod ɗin sashe-sashe, ta sake rubuta shi a tsabtace, ta goge na da, ba tare da shafin ya tsaya ba.

A wannan yammacin ta gama sabuwar kalanda, ta gwada, ta ga ta zauna daidai, sai ta goge tsohuwar. Ladan ya ɗaga murya. Bai kai ƙarshen kabbarar farko ba dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin.

Ta fito ta duba. Babu kowa, kuma babu benen da ya fi nasu tsawo a layin. Wani dutsen ya faɗo kusa da ƙafarta, a hankali, kamar ajiye shi aka yi. Ta ɗauka, ta ji shi da ɗumi kamar daga murhu aka ciro shi. Tantabarun maƙwabta duk sun yi tsit.

Washegari Tamir ya kira ta, muryarsa a sama. "Injiniya Nirmin, ba kin ce kin goge tsohuwar kalanda ba? To ga ta nan ta dawo, ta hau kan sabuwar. Tun safe mutane ke zagina. An ba tsofaffi biyu lokaci ɗaya wajen likitan ƙoda, sun kusa dambe a kan kujera."

"Wallahi na goge ta."

"To da sunanki aka mayar da ita. Ki yi barci, ki daina shan kofi kamar direban tirela."

Ta buɗe, ta ga gaskiyarsa. Kowane layi ya dawo yadda Hazim ya bar shi, har da kurakuransa. Ta sake gogewa. Da magariba duwatsu suka sake zubowa, da safe kod ɗin ya sake dawowa.

Daga nan sai murya. Da rana ta faɗi, idan gidan ya yi shiru, sai a ji wani a kan matakala yana gunguni, irin na mutumin da ke magana da kansa yana aiki. Wata rana muryar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Nunu." Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran Nirmin da wannan suna. Tiren shayi ya suɓuce daga hannun Ummu Hazim.

Ustaz Fikri ne ya fara ganin abin da idonsa. Ya hau rufi ya kira 'yarsa ta sauko salla, ya tarar da ita zaune cikin duhu, hasken allo kawai a fuskarta. Idanunta a rufe, kanta ya langaɓe, amma yatsunta suna gudu a kan maɓallan kamar ba nata ba. Ta lanƙwashe ƙafa ɗaya ta zauna a kai, irin zaman Hazim. Ya kira sunanta. Ba ta buɗe ido ba ta amsa da muryar ɗansa, "Yanzu zan sauko, Baba."

Tsohon ya dafa bango ya zauna a ƙasa.

Sun je wajen likitoci. An ɗauki hoton kanta, an auna jini, an ce gajiya ce da baƙin ciki, aka ba ta ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka sa ta barci da rana, abin kuma bai fasa zuwa da magariba ba. Ustaz Fikri ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya tarar da shi a buɗe. Abinci ya daina zama a cikin Nirmin. Wuyanta ya sirance, maƙogwaronta ya kumbura har ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Duk da haka, da safe sai ta ja jiki ta buɗe kwamfuta, tana kuka tana goge abin da hannunta ya mayar jiya, domin shafin ya rabu biyu, rabi sabo rabi tsoho, marasa lafiya suna zuwa asibiti a ce babu sunansu.

"Baba, ni fa ban san lokacin da nake yi ba," ta ce masa wata safiya. "Ka ɗaure min hannuwa. Don Allah ka ɗaure."

Sai dai abin da ya fi karya Ustaz Fikri ba wannan ba ne. Wata magariba ya dawo daga masallaci bai ga matarsa ba. Ya hau rufi, ya same ta zaune a kan tabarma kusa da Nirmin, da makullin kwaɗon a cinyarta. Muryar Hazim tana fitowa daga bakin 'yar, uwar tana saurare tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

"Ke ce ke buɗewa?"

"Abu Hazim, ka ƙyale ni," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ban gan shi ba ranar da ya tafi. A rufe aka kawo min shi. Ka bar ni in ji shi."

Washegari ya tafi wajen Shehu Ragab, wani tsohon malami da ke koyar da Alƙur'ani a bayan kasuwar hatsi, wanda aka sani da ruƙiyya. Malamin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce zai zo da la'asar sakaliya, kuma a bar yarinyar a inda abin ya saba samunta.

Ya zo da sandarsa, ya hau matakalan yana hutawa. Ya sa aka ajiye kofin ruwa a bakin ƙofar ɗakin, ya zauna nesa kaɗan da Nirmin, uban yana riƙe da kafaɗunta. Rana tana nutsewa ya fara karatu, a hankali, da murya mai sanyi. Duwatsu suka fara sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, sannan kamar ruwan ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba. Jikin Nirmin ya sanƙare, yatsunta suna motsi a iska kamar masu neman maɓallai.

"Mama," in ji muryar Hazim, "ki ce ya daina. Yana ƙona ni."

Ummu Hazim ta zabura. Shehu Ragab ya ɗaga mata hannu. "Zauna, Hajja. Ɗanki yana wajen Ubangijinsa, wanda ya tafi ba ya dawowa ya shiga bakin ƙanwarsa." Ya juya ga yarinyar. "Kai kuma, ajiye muryar da ka ara. Yi magana da taka."

Ya ci gaba da karatu har Nirmin ta yi wata ƙara. Muryar da ta biyo baya busasshiya ce, tsohuwa, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ni ban cuci kowa ba."

"Wane ne kai?"

"Ina nan tun kafin a ɗora wannan bene. Ba wanda ya taɓa yi min magana. Sai yaron nan ya zo. Kowace yamma yana zaune nan yana karanta abin da yake rubutawa da ƙarfi, yana tambaya yana ba kansa amsa, yana zagin kansa yana dariya. Ina kusurwar can ina ji. Na haddace kowane layi. Da ya daina zuwa, ina duba aikinsa in tuna muryarsa. Sai wannan ta zo tana gogewa. Kullum tana gogewa."

"Aikin ba naka ba ne, jikin nan ma ba naka ba ne. Za ka fita."

"Zan fita in ta rantse ba za ta sake taɓa ko harafi ɗaya ba."

"Akwai marasa lafiya da ke jiran aikin nan. Ba za ta rantse ba."

Kan Nirmin ya juya a hankali wajen uwarta, muryar Hazim ta dawo, mai taushi. "Mama, to ki ce in zauna. Gida naki ne, in kin ce in zauna ba mai korata. Kowace magariba zan zo mu yi hira. Ba kya so?"

Ummu Hazim ta rufe baki da mayafinta. Ustaz Fikri ya buɗe baki zai yi magana, malamin ya girgiza masa kai.

"Gaskiya ya faɗa a wannan, Hajja," in ji Shehu Ragab. "Ni zan iya ƙona shi da karatu har ya gudu, amma muddin kina buɗe masa ƙofa zai dawo. Abu ɗaya zan ce miki. Matsa kusa, ki dubi wuyan da muryar ke fitowa."

Ta matsa. Ta ɗora hannu a wuyan 'yarta, ta ji ƙashi da zafi. A gefen bakin yarinyar akwai ɗan jini. Ta daɗe tana kallon fuskar, kamar wadda ta yi watanni ba ta gan ta ba. Ta goge jinin da bakin mayafinta.

"Ka sake cewa Mama," ta ce.

"Mama."

Ta rufe ido, ta ja dogon numfashi. "To na ji. Kai ba ɗana ba ne. Ɗana ba zai yi wa Nunu haka ba. Fita ka bar min 'yata."

Kukan da ya fito daga bakin Nirmin ba na mutum ba ne, amma kuka ne na gaske, har Ustaz Fikri ya ji tausayi ya kama shi. Ya ce wa malamin, "Maulana, tsohuwar kwamfutar Hazim tana ƙarƙashin teburin nan. Duk aikinsa na asali yana ciki. In ita zai bi, na ba shi."

Malamin ya yi ɗan tunani. "Ka ji. Za a kai ta tsohon gidan bulo da ke bayan gari, inda ba kowa. Ka bi ta, ka yi alkawari da sunan Allah ba za ka sake taka gidan nan ba."

"Ba za a goge komai a ciki ba?"

"Ba za a goge ba."

"Na yi alkawari."

"To fita ta ɗan yatsan ƙafa, ka bar mana alama."

Ƙafar Nirmin ta hagu ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Kofin da ke bakin ƙofa ya kife, ruwan ya gangara kan matakala. Yarinyar ta faɗa jikin uwarta, ta buɗe ido, ta ce da 'yar muryarta da ta dishe, "Mama, ƙishirwa."

A wannan daren Ustaz Fikri ya naɗe kwamfutar cikin bargo, ya rungume ta a bayan tasi, shi da malamin. Ya ce a duk tsawon hanyar ta yi nauyi fiye da yadda ya san ta. Ya ajiye ta cikin kangon, ya juyo bai waiwaya ba.

Nirmin ta yi makonni kafin ta koma aiki, kuma a falo ta riƙa yi, da rana. Abin da ta goge ya zauna a goge. Sashe bayan sashe ta sauya shafin, kiran Tamir ya ragu, har ya rage fayil ɗaya na hannun Hazim. Ta buɗe shi, ta karanta, sai ta kira uwarta daga kicin.

"Zo ki zauna, Mama. Wannan ne na ƙarshe. Akwai inda ya bar wa kansa 'yar magana a tsakiyar kod."

"Ni ina na iya karanta waɗannan tsutsotsin? Karanta min."

Nirmin ta nuna layin da yatsa. "Ya ce: Wannan wajen ba daidai yake ba, na sani. Amma Mama tana ta kwaɗa min kira abinci zai huce. Gobe in gyara."

Ummu Hazim ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta share ido da bayan hannu, ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa.

"Kuma duk da haka sai da ya huce," ta ce. Ta dafa kafaɗar 'yarta. "Gyara masa, ki goge."