Wa Zai Kai Goron Hashimu?

Hashimu ya jingine kekensa a jikin danga, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba Nomau, ƙanen mahaifinsa. Zuwansa na biyar ke nan Cadawa a kan magana guda, cikin kakar shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai.

"Baba, maganar goron nan ce dai. Malam Gado na Gangara ya ce in bai ga manyana ba kafin a gama shigar da gero, zai saurari sauran masu neman Barira."

Tsohon bai ɗago daga igiyar da yake tufka ba.

"Manyanka? Je ka buro wurin Nasara, kumandan ya kai maka. Ai su suka rene ka."

"Kumandan ya koma ƙasarsu, Baba."

"To bi shi! Mutum cikin wando kamar ƙafar shamuwa, in shiga gidan malamai in ce nawa ne?"

Duk Cadawa an san asalin wandon nan. Shekara goma sha huɗu da suka wuce dogarai suka zo ɗibar yara zuwa lakol, makarantar boko, a Tasawa. A lokacin gani ake wanda ya tafi lakol ya ɓace. Nomau ya ɗaga ɗansa Labo ya saka cikin rumbu ya rufe. Sannan ya jawo Hashimu, maraya ɗan shekara bakwai da sanƙarau ya raba da uwa da uba cikin rani ɗaya, ya ce a gaban mai gari, "Ga ɗana." Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Gidaje da yawa ba su tuna suna da maraya ba sai ranar da aka zo neman abin da ba su son bayarwa.

Hashimu bai ɓace ba. Ya dawo malamin lakol, ana ce masa mushe, yana koyarwa a Gangara, inda ya ga Barira.

Da la'asar ya isa ƙofar gidan su Barira. Ta leƙo, ta dubi bayansa.

"Mushe, yau ma kai da kekenka? Ko shi zai yi wa Baba sallama?"

"Barira, na gaji."

"Ni fa? Mutum uku na kora! Inna ta daina yi mini magana, sai dai ta nuna turmi da baki."

"Daraktan lakol ya ce zai tsaya mini."

"Baba ya ce ba takarda zai ba 'yarsa ba. Dangi yake son gani, wanda zai kai wa ƙara in ka ɓata mini." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka koma wurin Baba Nomau. In ya kore ka sau goma, ka koma. Ina nan."

Ya koma, ranar da ake cika rumbu. Maƙwabta na miƙa dammuna, Labo na sama yana karɓa, yanzu magidanci da 'ya'ya biyu. Hashimu ya durƙusa cikin ƙaiƙayi, ya maimaita roƙonsa. Wannan karon haushi ya sa tsohon ya faɗi abin da ke ransa.

"Na san ku! Yau aure, gobe ka ce ina gonar ubana!"

Labo ya ajiye damin da ke hannunsa, ya sauko a hankali, ya tsuguna kusa da Hashimu.

"Baba, ka gafarce ni. Cikin wannan rumbun ka saka ni. Ina jin Hashimu yana kuka yana kiran sunana har muryar ta yi nisa, ni ko na toshe bakina da riga. Shekara goma sha huɗu ban hau rumbun nan ban ji muryar ba."

"Labo, tashi!"

"Ba zan tashi ba, Baba. Ka ce ɗanka ne, mai gari na tsaye. In ɗanka ne ranar, ɗanka ne yau. Kuma geron nan da nake jerawa, rabinsa daga gonar ubansa ya fito. Ni na nome ta, na san iyakarta."

Nomau ya duba dama, ya duba hagu. Babu maƙwabcin da ya yarda suka haɗa ido. Daga cikin gida aka ji matarsa Delu ta fashe da kuka.

Ran Juma'a Nomau ya saka babbar riga ya kama hanyar Gangara, Labo na bayansa da ƙwaryar goro. Da Malam Gado ya tambaya, "Mene ne tsakaninka da yaron?" sai Nomau ya ce, "Ɗana ne." Hashimu na waje, jingine da bango. Bai yi tsalle ba. Zama ya yi a ƙasa, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

An ɗaura aure bayan Sallah. Haƙurin Barira da na Hashimu bai faɗi ƙasa ba, kuma masoya su koyi wannan. Amma kada haƙurinsu ya wanke kowa. Gonar ba ta dawo ba sai bayan damina biyu, kuma an datse mata kusurwar gabas, wajen itacen kuka, har yau tana hannun jikokin Nomau. Riƙon maraya ba tuwo da tabarma ba ne kawai. Wanda ya kira maraya ɗansa ranar tsoro, dole ya kira shi haka ranar neman aure da ranar rabon gado. Kusurwar nan faɗinta taki tamanin ne. A mayar da ita.