Tsamiyar da Khatibu Ya Kawo Gida

Ana kiran sallar magariba, Bi Tatu na tattara kanumfarin da ta shanya a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Mijinta Khatibu ya zagaya bayan katanga, bai ga kowa ba.

Khatibu mai tsara lambuna ne da filayen shaƙatawa a garin Wete. Da za a faɗaɗa titi, aka sa wa wata tsohuwar tsamiya jan fenti, alamar za a sare ta. Shi kuwa ya kasa haƙura. Ya rage mata rassa, ya haƙa rami kewaye da ita, ya datse saiwoyin nesa, ya naɗe gindin da buhuna, aka ɗauko ta da mota har gidansa, ya dasa ta. Tana ta zubar da ganye yana ta ban ruwa, har ta yi toho.

Tun daga tohon gidan ya rikice. Kullum da almuru sai jifa, sai kukan wata mace ƙasa-ƙasa. Ƙarshe 'yarsu Mgeni ta daina cin abinci. Ta kan durƙusa gindin tsamiyar tana tonon ƙasa da farce har yatsunta su yi jini.

"Baban Mgeni, ba yarinyata ba ce wannan," in ji Bi Tatu.

Aka kira Malam Kombo. Ya zauna ya daɗe yana karatu, turare na ci a kasko. Can Mgeni ta ɗago kai, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ban zo cutar da kowa ba."

"To me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Hannu nake aro. 'Yata na kwance ƙarƙashin babbar saiwar da ya datse. Ya ɗauko ni, ya baro ta. Ina ta tono, ba ta nan."

Khatibu ya ce, "Wallahi ceton itacen na yi."

"Na sani. Shi ya sa kake raye."

Muryar ta ce a fasa kwaltar da aka shimfiɗa a kan 'yarta. Malam ya ce wannan ya fi ƙarfinsu. Sai Khatibu ya ce akwai ɗan fili a bakin kwalta, kusa da wurin, zai dasa ƙaramar tsamiya daga 'ya'yan wannan, saiwarta za ta bi ta ƙarƙashin titi.

"Yaushe za ta kai gare ta?"

"Shekaru masu yawa."

"Zan jira," in ji muryar. Mgeni ta sulale ƙasa.

Ya dasa, ya kewaye ta da duwatsu. Jifa ya tsaya, tsamiyar gida kuma ta bushe tsaye.

Wata rana Mgeni ta raka shi ban ruwa. Ta daɗe tana kallon kwalta, motoci na wucewa, hawaye na bin fuskarta.

"Baba, ban taɓa ganin yarinyar ba," ta ce, "amma kewarta nake yi."