Duwatsun Tekun da Faustina ta Dafa

Da yamma lis, rana ta faɗa bayan layin dogo, Faustina ta ɗora tukunya a murhu. Duwatsu za ta dafa.

Duwatsun na cikin akwatin gilashin da ɗanta Jason ya taho da shi daga Fatakwal, cike da ruwan gishiri da 'yan kifaye masu launi kamar atamfa. Duwatsun teku ne masu ramuka, shi yana cewa suna da rai. Tun da mota ta kashe shi a hanyar Kachia babu mai kula da akwatin. Kifayen suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Gansakuka ta rufe gilashin, a kankare yau, gobe ta dawo. Wani mai otal ya zo saye, ya leƙa, ya ce, "Madam, ki wanke abin nan tukuna. Ba zan sayi kwata ba."

Faustina tsohuwar malamar makaranta ce, ta san ruwan zafi na kashe datti. Ta tafasa duwatsun har kumfa ta taso, ta ɗauki ruwan ta watsa bayan ɗaki daidai lokacin da kaji ke shiga akurki. Ko yarinya ta san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa a wannan lokaci. Ita ko a jikinta. Da ma tun jana'iza haka take. 'Yan zumuntar mata suna kuka a tsakar gidanta, ita tana raba musu kujeru. Kowa ya tambayi Jason sai ta ce ya yi tafiya.

Kafin ta ajiye tukunyar dutse ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Wani ya biyo. Ta tsinci ɗaya, jiƙaƙƙe ne, yana ƙarnin kifi.

A falo ta tarar da 'yarta Zipora, wadda ta rage mata, durƙushe gaban akwatin tana ɗibar gishirin miya da hannu tana ci. Daga ranar Zipora ba ta ƙara shan ruwa ba. Leɓɓanta suka tsage. Fasto ya zo da dattawa suka yi addu'a har muryarsu ta dishe, duwatsu na sauka a kan kwano kamar ana amsa musu.

Sai aka ɗauko Baba Kambai daga Madakiya, tsohon mai bishara wanda ya yi gadon sanin itatuwa wajen kakansa. Ya iso da magariba, ya zauna a ƙasa, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a gwiwa. Ya dubi Zipora.

"Kai wane ne?"

Muryar da ta fito daga bakin Zipora mai kauri ce, kamar daga cikin randa. "Baƙo. A cikin dutse aka kawo ni. Koren nan inuwata ce, kullum tana kankarewa, na yi shiru. Yanzu ta dafa mini gida."

"Ta yi kuskure. Amma yarinyar nan ta Yesu ce, ba ɗakin haya ba ce."

"Jikinta akwai gishiri. Zan zauna."

"In ka zauna za ta mutu, kai ma ka rasa wurin. Zan kai duwatsunka kogi. Duk kogin ƙasar nan teku yake nufa."

Zipora ta karkata kai. "Hanya da nisa, tsoho. Zan bi. Amma ba na tafiya ban yi sallama da wanda ya kawo ni ba. Kullum da yamma yana ƙwanƙwasa gilashi ya ce, yaya gida? Ya daina. Yana ina? Wadda ta haife shi ta faɗa mini."

Baba Kambai ya juyo. "Maman Jason, da ke ake."

"Ya yi tafiya," in ji Faustina.

Dutse ya doki kwano har ƙura ta zubo. Zipora ta sanƙare, idonta ya juye, numfashinta ya soma yankewa.

"Ɗiyata," Baba Kambai ya ce a hankali, "ni ba ni da maganin wannan. Ɗaya ta rage miki."

Faustina ta kalli leɓɓan nan da suka tsage.

"Jason ya mutu," ta ce. "Ni na zaɓi rigar da aka sa masa. Yana bayan coci, kusa da babansa."

Can muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "To. Da an faɗa mini tuntuni."

Zipora ta zube a kan cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta yi magana.

"Mama, ruwa."

Faustina ta kafa mata kofi a baki, tana jin kowace haɗiya a tafin hannunta.

Da safe Baba Kambai ya ƙulle duwatsun a buhu, ya ƙi ɗauka. "Ke kika dafa, ke za ki kai." Faustina ta yi gammo ta aza a ka. Suka kama hanyar kogi, tsoho a gaba, Zipora a baya, riƙe da bakin zanen uwarta.